Lambun makaranta: fangali nawa ruwanmu zai iya ɗauka, kuma wa zai yi ban ruwa idan an tafi hutu?

Ma'ajin SBMC:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga batun da nake so masana su warware mana. A ɗauka firamare ce mai yara 400, da fili a bayan ajujuwa kamar mita 30 da mita 20, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya, babu katanga. Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, na son a yi lambu don yara su koyi noma, unguwa kuma ta samu ganye da kayan miya. Daga ina ake farawa? Wasu na cewa a nome filin baki ɗaya a zuba tumatir.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam Malam Ma'aji. Kada a fara da auna fili, a fara da auna ruwa. A rani kowace murabba'in mita ta kayan lambu tana shan lita 5 zuwa 6 a rana, idan aka shiga zafin Maris da Afrilu ta kai 8. Fangali mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 5 murabba'in mita 6 ke nan, wato lita 36 a kullum. Fangali 20 lita 720. Tuƙa-tuƙa mai lafiya tana ba da kamar lita 12 a minti, ka ga awa guda cur ana tuƙi, ban da ruwan sha da na alwala da layin matan unguwa. Filin da ka faɗa murabba'in mita 600 ne. Idan aka nome shi duka ana neman lita 3,600 kullum, awa biyar ana tuƙi, kuma a haka ne robar cikin famfo ke cinyewa, makaranta ta rasa ruwan sha saboda lambu. Shawarata fangali 10 a shekarar farko: lita 360, kamar jarka 15 mai lita 25. Faɗin nan na mita 1.2 kuma da dalili: hannun yaro ya kai tsakiya ta kowane gefe ba tare da ya taka ƙasar ba. A bar hanya ta santimita 50 tsakanin fangali da fangali.

Baba Mai Fadama:
Malamin Gona ya faɗi gaskiya, amma kafin ruwa akwai akuya. Da zarar an gama girbi aka saki dabbobi, duk wani kore da ke cikin gari nan za su nufa. Ba a zuba iri sai shinge ya tsaya. Darnin karan gero ko na dawa shi ne mafi sauƙi, a kafa dirka duk bayan mita biyu, a toya gindin dirkar kaɗan ko a zuba toka a ramin saboda gara. Tsayi ya kai ƙirjin babban mutum, ƙasan kuma a matse shi sosai, don kaji da 'yan awaki ta ƙasa suke kurɗawa. Darni shekara ɗaya yake yi, don haka tun ranar farko a dasa shinge mai rai ta cikinsa. Ƙofa ɗaya tak, da kwaɗo.

Malama Jami'ar Lafiya:
Baba, a kan shinge mai rai ina roƙon a guji bini-da-zugu a makaranta. 'Ya'yansa suna kama da gyaɗa a idon yaro, kuma guba ne, suna sa amai da zawo mai tsanani. Aguwa ma ƙaronta na ƙona ido. Lalle ya fi dacewa, yana yin duhu idan ana aske shi, mata kuma na sayen ganyen. A jera zogale ta ciki, tazarar mita ɗaya.

Baba Mai Fadama:
Haka ne 'yata. Lalle da zogale. Sai dai zogalen ta ciki kamar yadda kika ce, don akuya ba ta raga masa.

Hedimasta:
Ni damuwata kalanda ce. Ana komawa makaranta a tsakiyar Satumba, a tafi hutu a Disamba, a dawo Janairu, a sake tafiya wajen Afrilu, sannan dogon hutu daga ƙarshen Yuli. Tumatir idan aka yi renonsa farkon Oktoba, aka dasa farkon Nuwamba, furensa zai faɗo daidai cikin hutun Disamba, lokacin da babu yaro ko ɗaya a harabar. Ga kuma azumi: a 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu saboda watan Ramadan. Lambu ba ya jiran a dawo.

Malamin Gona:
Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da ke kashe mafi yawan lambunan makaranta, ba ƙwari ba. Tumatir mai fure idan ya yi kwana uku zuwa huɗu babu ruwa a ƙasa mai yashi, fure ya zube. Idan kuma aka dawo aka malala masa ruwa lokaci guda, 'ya'yan su tsage, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Mutane sukan ɗauka cuta ce su sayo magani, alhali rashin daidaiton ban ruwa ne ya hana sinadarin kalsiyam isa cikin ɗan. Hanya biyu ce. Ko a zaɓi abin da zai nuna cikin zango ɗaya, ko a samu wanda zai riƙe lambun a hutu. Masu saurin nuna: alayyafo kwana 21 zuwa 28, latas sati 3 a reno da sati 5 zuwa 6 bayan dashe, kuɓewa ta fara ba da 'ya'ya cikin kwana 50 zuwa 60, lalo da rama da yakuwa ana fara tsinkar ganye cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. Karas kwana 75 zuwa 90. Albasa kuwa sati 6 zuwa 7 a reno, sannan wata uku zuwa huɗu bayan dashe, dole ta ratsa hutu.

Hajiya Shugabar Mata:
Malam, mai riƙe lambu a hutu yana nan kusa, ba a dai tambayarsa ne. Matan da gidajensu ke jikin makaranta da yawa ba su da inda za su shuka ko tattasai. A ware wa ƙungiyar mata fangali huɗu a cikin shingen, amfanin nasu ne, sharaɗin shi ne su shayar da na yara ranar Asabar da Lahadi da duk hutu. Kowace mace ta san ranarta, a rubuta a manna a ƙofa. Matan da ba sa fita da rana sukan turo manyan 'ya'yansu bayan la'asar, aikin dai ya yiwu. Maigadi kaɗai ba zai iya ba, kuma idan aka ɗora masa ba tare da an ware masa rabo ba, rana ɗaya zai gaji.

Hedimasta:
Hajiya, ina da ja a nan. Filayen makarantu da yawa da haka aka cinye su: a ba mutum aron wuri, shekara uku ya ce nasa ne, ya kafa rumfa. Shugaban makaranta ne za a tuhuma.

Hajiya Shugabar Mata:
Tsoronka na kan hanya, Malam, amma maganinsa takarda ne, ba hana mata ba. Yarjejeniya ta shekara ɗaya, da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ba, babu gini, babu dasa itace na kai, kuma kowace shekara a sauya wa ƙungiyar fangali don kada wata ta ce nan wurina ne. Mai unguwa da shugaban SBMC su sa hannu, a kai kwafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Takardar nan tana da wani amfani kuma: idan aka yi wa hedimasta ko malamin aikin gona canjin wurin aiki, lambun ba zai bi shi ba.

Hedimasta:
Idan da sunan ƙungiya ne kuma ana sabuntawa duk shekara, na yarda.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. A kan tattalin ruwa ga abu uku da manoman wajenmu suka sani. Na farko, a rani fangali ya zama mai zurfi, a sauke shi kamar santimita 10 ƙasa da hanya don ruwa ya zauna, da damina kuma a ɗaga shi ya zama kunya don kada saiwa ta ruɓe. Na biyu, a rufe ƙasa da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, amma a bar ɗan fili kewaye da gindin shuka, don gara tana bin ciyawar. Na uku, tulu. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe ba, a binne shi har wuya, a cika da ruwa a rufe bakin, a dasa tumatir ko barkono huɗu kewaye da shi tazarar taƙi ɗaya. Ruwa na tsattsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasa. Ana cika shi duk bayan kwana uku zuwa huɗu, shi ya sa ya dace da ƙarshen mako. A rufe bakin da kyau saboda sauro. Ga kabewa da zogale kuma a yi tassa, ramukan da mutanen Tawa ta Nijar suka farfaɗo da fako da su: faɗi santimita 30, zurfi 20, a zuba taki cikin tafi biyu a ciki.

Malama Jami'ar Lafiya:
A ƙara da ruwan alwala. A ja 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindin zogale, gwanda da ayaba, ruwa ne mai yawa da ke tafiya a banza kullum. Amma ga itatuwa kawai. Latas, karas, kabeji da duk abin da ake ci ɗanye sai ruwan famfo. Ruwan kwatar gari kuma kada ya shiga lambun yara ko kaɗan. A Kano an daɗe ana kokawa da ganyen da ake shayarwa da ruwan Jakara da wanda ke fitowa daga masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa, saboda dattin da ƙarafan da ke ciki. Fangali kuma kada ya zauna a gangaren masai, inda ruwan sama zai wanko ƙazanta ya shigo.

Ma'ajin SBMC:
To batun taki fa? Buhun takin zamani ya yi tsada, asusun kwamiti ba zai ɗauka ba.

Baba Mai Fadama:
Fangali 10 ba ya buƙatar buhun zamani, Malam. Kilo 2 zuwa 3 na ruɓaɓɓen taki a kowace murabba'in mita, wato kamar kilo 15 a fangali ɗaya, a cuɗa shi da ƙasa zurfin fartanya sati biyu kafin shuka. Kalmar da za a riƙe ita ce ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, da safe ka ga dashe ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Ɗanyen kashin shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa da gwazarma. Yadda ake yi: rami mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsawo, mita ɗaya zurfi, a inuwa. Busasshen ganye da yayi kaurin taƙi, kashin dabbobi rabin haka, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ya cika. Laimarsa kamar tsumman da aka matse. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana huɗu zuwa biyar a zaro: idan da ɗumi aiki na tafiya, idan sanyi ƙalau to ya bushe ko kashin ya yi kaɗan, idan yana wari ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. A juya duk sati biyu. Wata biyu zuwa uku ya koma baƙi, yana ƙamshin ƙasar farkon damina. Ke nan ramin da za a yi amfani da shi a Oktoba tun Yuli ake cika shi, kafin a tafi dogon hutu. Leda da batir da kwalba a tsince su tun a bola.

Malamin Gona:
Bari in ƙara kan reno, don nan ake asarar iri. A yi layi-layi tazarar santimita 10, zurfin iri bai wuce santimita ɗaya ba, a rufe da ciyawa, ranar da tsiro ya leƙo a ɗauke ciyawar a ɗaga ta sama ta zama rumfa. Idan aka bar ta, tsiron ya yi dogo fari ya karye. Idan aka cika iri ko ruwa, za a ga gindin tsiro ya yi siriri kamar zare ya kwanta, wannan ruɓewar gindi ce, maganinta rage ruwa da sassauta cunkoso. Sati ɗaya kafin dashe a cire rumfa a rage ban ruwa don ya yi ƙwari. Dashe da yamma, tumatir tazarar santimita 60 da 45. Ƙadangaru suna cinye reno cikin yini ɗaya, tsohon gidan sauro da aka wanke ya isa ya kare shi. Irin alayyafo da na karas ƙanana ne, a gauraya cokali ɗaya da cokali goma na yashi kafin a zuba. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake shukawa, a tsinke a bar santimita 5 tsakani, kuma idan ƙasar na da tsakuwa ko ɗanyen taki sai ya yi rassa. Alayyafo kuma a tsakiyar hunturu ba ya sauri, yana yin fure tun yana ƙarami, don haka watannin sanyi a ba latas, karas, kabeji da albasa, alayyafo ya dawo da zafi.

Malama Mai Kimiyya:
Duk wannan ya yi, amma ina so a dawo kan yara. Muddin ana tura wanda ya makara ko ya yi surutu ya je ya yi noma, to an koya masa cewa fartanya horo ce, kuma zai fita da wannan har girmansa. Lambu darasi ne, a sa shi cikin jadawali: minti 30 zuwa 40, da sassafe ko dab da tashi a lokacin sanyi, ba da tsakar rana ba. Kowane rukuni na yara takwas zuwa goma da fangalinsu da allonsu mai ɗauke da sunan shuka da ranar shuka. 'Yan aji ɗaya zuwa uku kallo, ƙirga da tsinka. Ɗaukar ruwa na 'yan aji huɗu zuwa shida ne, kuma da bokitin lita 5 zuwa 10, ba jarka 25 ba. Kada ya zama mata ne kullum a famfo maza a kan awo. Lissafi yana cikin lambun: kewayen fangali mita 12.4, faɗin ƙasarsa murabba'in mita 6, tumatir nawa zai ɗauka a tazarar da Malam ya faɗa? Gwajin iri ma darasi ne: ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ƙirga bayan kwana 7. Idan 16 suka tsiro kashi 80 cikin 100 ke nan, iri mai kyau. Idan 10 ne, a ninka iri ko a canza. Yaron da ya ƙirga da hannunsa ya gane kashi cikin ɗari fiye da wanda ya kwafa a allo. A bar fangali ɗaya rabi da taki rabi babu, su auna tsayi da rula duk Alhamis su rubuta.

Ma'ajin SBMC:
Malama, iyaye za su tambaya ko lambun zai ciyar da yaran. Da yawa abin da suke jira ke nan.

Malamin Gona:
A faɗa musu gaskiya tun farko: ba zai ciyar ba. Fangali ɗaya na alayyafo idan ya yi kyau kilo 8 zuwa 10 ne. Yara 400, kowa giram 50 a miya, kilo 20 ke nan, fangali biyu sun tafi a girki ɗaya. Shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a wancan lokacin, daga manoma da kasuwa masu dafawa suka riƙa sayen kaya, ba daga bayan aji ba. Inda lambun makaranta yake isa cikin tukunyar unguwa shi ne ta dashe da iri. Reno mai murabba'in mita ɗaya yana fitar da ɗaruruwan dashe. Kowane yaro ya tafi gida da tumatir biyu, tattasai biyu da zogale ɗaya a leda, ya shuka a buhu: ƙasa kashi biyu, taki ɗaya, yashi ɗaya, a huda ƙasan buhun. Gida 200 masu buhu uku-uku sun fi ƙarfin duk abin da filin makaranta zai bayar, kuma ruwansu ba daga famfon makaranta yake fita ba.

Hajiya Shugabar Mata:
Wannan shi ne maganar. A haɗa da igiyar dankali mai jan ciki, irin su Mother's Delight, saboda bitamin A. Kunya biyu a makaranta sun isa a riƙa yanka ana rabawa, tsawon santimita 30, a binne gaɓa biyu zuwa uku. Zogale kuma idan ya kai mita ɗaya a sare kansa don ya yi rassa a inda hannu ke kaiwa. A shanya ganyen a ɗaki ko inuwa, rana tana kashe korensa da amfaninsa, sannan a daka a zuba a kunu ko miya.

Malama Jami'ar Lafiya:
Ba mu taɓo feshi ba, kuma shi ya fi tsorata ni. Yaro ba ya riƙe injin feshi, ba ya haɗa magani, ba a ajiye kwalbar a aji. Fiya-fiya da ire-irenta ba su da wuri a kan ganyen da za a ci cikin sati.

Baba Mai Fadama:
A fangali 10 ido da hannu sun fi kwalba. Yara su riƙa juya ganye suna duba bayansa sau biyu a sati, su tsince tsutsa da ƙwai. Ga darɓa da farin ƙuda da tsutsar kabeji, 'ya'yan darbejiya: a shanya, a ɓare, a daka ƙwallon ciki rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, malami ya fesa da yamma, a maimaita bayan sati. Ba ya kashewa nan take, hana ƙwaron ci yake yi, don haka kada a ce bai yi ba a rana ta biyu. Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya ya tsugune, farin ƙuda ne ya kawo masa cuta, ba ya warkewa, a tuge shi. Sai sharon, tsutsar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016 har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Alamarta farin tabo a ganye kamar an kankare cikinsa, ka ɗaga wa rana ka ga tsutsar a ciki. A tsinke ganyen a binne da zurfi, ba a ramin taki ba. Tana tsananta da zafi, shi ya sa tumatirin makaranta ya kamata a gama da shi kafin ƙarshen Maris, don lokacin ma zafi na zubar da fure. Kuma kada tumatir ya bi tumatir, ko tattasai, ko gauta a fangali ɗaya. Idan ka tuge ka ga ƙulli-ƙulli a saiwa, a ba wurin albasa ko masara.

Hedimasta:
Saura rabo da kuɗi, inda zumunci ke ɓaci. Kada kayan lambu su bi malamai gida yara na kallo.

Ma'ajin SBMC:
Ga abin da nake gani. Ranar girbi a auna a gaban yara, ɗalibi ya rubuta a littafi, malami ya sa hannu. Kashi ɗaya yara su ci ko su kai gida, kashi ɗaya a sayar a ƙofar makaranta, malamin da ke so ya saya kamar kowa. Kuɗin ya shiga asusu na daban don iri, gyaran darni da robar famfo, a karanta lissafin a taron iyaye.

Malamin Gona:
Ya yi. Za a rage kuɗin irin ma idan aka fara da wanda ake iya ajiyewa. Duk fakitin da aka rubuta F1 a jikinsa kada a ɗebi iri daga 'ya'yansa, ba zai fito kamar uwar ba. Tumatir UC82B da Roma VF ana iya ajiye su, haka alayyafo, kuɓewa, yakuwa da rama na gida. A ɗaura wa tushe mafi lafiya ƙyalle tun yana fure don kada a tsinke. Tumatir a bar shi ya nuna sosai, a matse cikin kwano, ya kwana biyu har ya yi kumfa, a wanke, wanda ya taso sama a zubar, wanda ya nutse a shanya a inuwa kan takarda. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwarta har ta fara tsagewa. A zuba kowanne a kwalba mai murfi da 'yar busasshiyar toka, a rubuta suna da wata, a ajiye a ofis inda rana ba ta bugawa. Kafin a zuba shi a Oktoba, 'yan ajin Malama su fara gwada ƙwaya 20 a tsumma.